Doki na tafe, batir na ƙarewa: Abin da ya kamata mahayan Kano su sani game da na'urar GPS

Duk wanda ya taɓa raka mahayi ranar Hawan Daushe ya san shiri kan fara tun kafin azahar. A wanke doki, a goge shi, a ɗora sirdi, a ja majayi, a sa linzami, sannan a koma kan mahayin da manyan rigunansa da rawaninsa. Duk wannan lokacin wayar da aka cire daga caji da hantsi tana aiki. Ana ɗaukar hoto da ita, ana amsa kira, ana tura wa 'yan uwa inda ake.

Kafin ayari ya kewaya ya iso Ƙofar Kudu, rana ta yi ƙasa sosai. A lokacin ne cunkoso ke kai matuƙa, yaron doki ya rabu da ubangidansa, ko wani doki ya tsorata ya fizge ragama ya shige lungu. A lokacin ne kuma waya ta fi yawan mutuwa.

Wannan matsala ba ta Kano ba ce kaɗai. Mahayan da ke shiga gasar dogon zango a ƙasashen duniya, inda doki ke cin kilomita 160 a yini guda, sun daɗe suna fama da ita. Abin da suka koya shi ne awannin da kamfani ya rubuta a jikin kwali daban, awannin da na'ura ke yi a bayan doki cikin rana daban. Wanda bai yi lissafinsa da kansa ba, na'urar za ta yashe shi a daidai lokacin da ya fi buƙatarta.

GPS ɗin da ke aljihun kowa

Ba da gasar dogon zango aka san Kano ba. Da hawan Sallah aka san ta, da kilisa, da sukuwa, da ƙwallon dawaki, da hawan angwanci. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Amma wanda ya ƙirga awannin da doki da mahayi ke yi a waje a irin waɗannan ranaku zai ga tafiyar ba ƙarama ba ce. Ranar Sallah akwai dawowa daga filin Idi na Ƙofar Mata zuwa Gidan Rumfa. Washegari Hawan Daushe. Sai Hawan Nasarawa da ke fita bayan ganuwa, sannan Hawan Ɗorayi ko na Fanisau, inda ake barin gari a yini a can kafin a dawo. Kwanaki ne a jere, kuma kowace rana sai an yi caji.

A shekarun 2024 da 2025 'yan sanda sun dakatar da hawan Sallah a Kano fiye da sau ɗaya bisa dalilan tsaro, a daidai lokacin da ake taƙaddamar sarauta. Sai dai doki ba ya zama a turke don an dakatar da hawa. Dole a motsa jininsa, kuma mai son ya ba shi tafiya mai nisa sai ya fitar da shi wajen gari, inda gidaje ke raguwa, sabis ɗin waya ma ke raguwa.

Ga mafi yawan mahaya, na'urar GPS ita ce wayar hannu. Da ita ake tura wuri ta WhatsApp, da ita ake duba Google Maps, kuma akwai manhajoji irin su Strava da Equilab da ke auna nisan tafiya da gudun doki. Bayan waya akwai agogon hannu mai GPS, da na'urar riƙewa a hannu irin ta matafiya daji, da ƙaramar na'urar bin sawu da aka fi sani da tiraka. Kowace da irin cin batirinta.

Yadda na'urar ke gane inda take

GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam mallakar Amurka. An harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Taurarin na shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma an tsara su ne yadda aƙalla 24 za su kasance suna aiki. Kowanne na watso saƙo mai ɗauke da lokaci da matsayinsa. Idan na'ura ta kama saƙon taurari huɗu, sai ta lissafa inda take. Rasha na da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, China na da BeiDou, kuma yawancin wayoyin yanzu na sauraron fiye da ɗaya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne GPS saurare kawai yake yi. Ba ya aika komai zuwa sama, ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar kati. Data na shigowa ne a wurare uku: sauko da taswira, taimaka wa waya ta kama taurari da sauri, da kuma aika wa wani mutum inda kake.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk maganar batir. Sanin inda kake abu ne mai sauƙin ci. Sanar da wani inda kake, minti bayan minti, shi ne mai tsada.

Abubuwa huɗu da ke cinye batir

Na farko shi ne fuskar waya. A cikin ranar Kano, waya kan ƙara haske da kanta har ƙarshe don a iya ganin rubutu. Mahayin da ya bar taswira a buɗe yana kallo, ko yana ɗaukar bidiyo a kan doki, ya haɗa haske da kyamara da GPS a lokaci guda. Babu abin da ya fi wannan saurin zuƙe caji.

Na biyu shi ne neman sabis. Idan waya ta yi nisa da ƙarfen sabis, takan ƙara ƙarfin da take watsa saƙo da shi, ta yi ta nema ba hutawa. Haka ma idan dubban mutane suka taru wuri ɗaya, kamar filin Ƙofar Kudu ranar hawa, layi kan cushe. Saƙo ya ƙi tafiya, waya ta sake gwadawa, ta sake gwadawa. Mai ita bai taɓa ta ba, amma caji na sauka.

Na uku shi ne yawan aikawa. WhatsApp na ba da zaɓin nuna wuri kai-tsaye na minti 15, ko awa ɗaya, ko awa takwas. Wanda ya zaɓi awa takwas ya hana wayarsa barci na tsawon wannan lokaci, domin GPS da data duk a farke suke. Haka tiraka take. Wadda aka saita ta aika wuri duk bayan daƙiƙa goma ba za ta yi kusa da daɗewar wadda ke aikawa duk bayan minti goma ba, ko da batirinsu iri ɗaya ne.

Na huɗu shi ne zafi. Batirin waya da na agogo da na tiraka duk dangin litiyam ne, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce an ƙera wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Kano, tsakanin Maris da Mayu, zafi kan kai digiri 40 har ya wuce, a inuwa ma. Wayar da ke cikin aljihu ƙarƙashin riguna masu nauyi, ko cikin jakar da ke manne da jikin doki mai gumi, tana cikin yanayin da ya fi haka.

Illar zafi iri biyu ce. Nan take, waya kan rage gudu, ta dakatar da caji, wani lokaci ta kashe kanta don kare batir. A hankali kuma, zafi na tsufar da batir, ya rage masa ƙarfin riƙe caji har abada. Ko babu zafi, batirin litiyam na raguwa da amfani. Apple ya ce tsofaffin samfuran wayoyinsa kan riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan an cika su an sauke sau 500. Wato wayar shekara biyu da ke nuna 100 ba daidai take da sabuwa mai nuna 100 ba.

Da hunturu matsalar kan sauya kama. Ƙura na shiga ramin caji ta daskare, a sa waya a caji da dare a wayi gari ba ta ɗauki komai ba.

Lungunan cikin gari da rufin kwano

Saƙon da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam ba shi da ƙarfi. Yana buƙatar sararin sama a buɗe. A gonaki da fadamun bayan gari hakan ba matsala ba ce. A cikin ganuwa kuwa, musamman unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Kurmi da gindin Dala, lunguna matsattsu ne, katangu a kusa da juna, benaye sun ƙaru, rumfunan kwano sun rufe wasu hanyoyin.

A irin wannan wuri na'ura na ganin taurari kaɗan, wasu saƙonnin kuma sai sun bugi bango kafin su iso. Sakamakon shi ne ɗigon da ke kan taswira ya yi ta tsalle, ya nuna mutum a lungun da ke bayan wanda yake ciki. Ga mai neman doki da ya tsere, kuskuren mita 20 a cikin gari na iya zama bambanci tsakanin gida da gida uku.

A barga abin ya fi muni. Rufin kwano na tare saƙon. Na'urar da aka bari a kunne a ƙarƙashinsa za ta kwana tana neman taurarin da ba za ta samu ba, ta wayi gari a gajiye. Da yawa daga abin da ake ɗauka lalacewar batir ne, a gaskiya kwana ne a kunne cikin ɗaki.

Darasi daga gasar dogon zango

Inda aka fi gwada wannan al'amari shi ne gasar tafiyar doki mai nisa. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta karɓi wasan a 1982, kuma babbar gasa kan kai kilomita 160 a rana ɗaya, a kan doki ɗaya. Ƙasashen Larabawa sun rungumi wasan ƙwarai. Sarkin Dubai, Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, shi ya lashe gasar duniya ta 2012 da aka yi a Ingila.

A Amurka akwai gasar Tevis da aka fara a 1955 a jihar Kalifoniya. Mil 100 ne cikin duwatsu, kuma dole a kammala cikin awa 24. Mahayin da agogonsa ke yin awa 12 da GPS a kunne ya san tun daga gida cewa rabin tafiyar babu shi a ciki.

Gasar Mongol Derby ta ƙasar Mongoliya, wadda aka fara a 2009, ita ta fi nuna muhimmancin batir. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ana ba ta har kwana goma, ana sauya doki a zango-zango duk bayan kilomita 35 zuwa 40. Babu hanyar da aka shata. Mahayi da na'urar GPS ɗinsa ne ke nemo zango na gaba a cikin fili mai faɗi, kuma kayan da aka yarda ya ɗauka ba su wuce kilo biyar ba.

A irin wannan tafiya, na'urar riƙewa a hannu ta fi waya daraja, saboda dalili mai sauƙi. Irin su Garmin eTrex na aiki da batir biyu ƙanana na AA, irin na rediyo da tocila, kuma kamfanin ya ce wasu samfuran kan yi kusan awa 25. Idan sun ƙare, a cire a sa wasu cikin minti ɗaya. Babu neman soket, babu jiran caji. Fuskarta ƙarama ce, ba ta kira, ba ta ɗaukar hoto, aiki ɗaya ta sani.

Darasin da ke nan bai tsaya ga sayen na'ura ba. Shi ne raba aiki. Abin da ke nuna hanya daban, abin kiran gaggawa daban, abin ɗaukar hoto daban. Mahayin Kano da ya ɗora ayyukan uku a kan waya ɗaya, idan ta mutu ya rasa duka a lokaci guda.

Agogon hannu ma na da nasa sirrin. Kamfanoni kan rubuta adadi fiye da ɗaya: kwanakin da agogo ke yi yana nuna lokaci kawai, da awannin da yake yi GPS na kunne. Na biyun ne ya shafi mahayi. Haɗa tsarin taurari da yawa na ƙara daidaito amma yana rage awanni. Akwai kuma saitin tsimi, inda agogo ke duba wuri jefi-jefi maimakon kowace daƙiƙa. Yana tsawaita batir, amma yana yanke kwana, ya ja layi miƙaƙƙe tsakanin wuri da wuri. A miƙaƙƙiyar hanya asarar kaɗan ce. A lungunan cikin gari masu yawan lanƙwasa, nisan da zai nuna zai gaza na gaskiya.

Tiraka a jikin doki

Mutanen Kano sun san tiraka ta hanyar motoci da babura da adaidaita sahu. Mai doki da ya kashe dukiya wajen saye da kiwo, yana sayen harawa da dusa da gero kullum, ba abin mamaki ba ne ya yi tunanin sa wa dokinsa irinta saboda tsoron sata ko tserewa.

Amma akwai bambanci babba. Tirakar mota daga batirin motar take sha. Ƙaramin batirin da ke cikinta na ko-ta-kwana ne, don ta yi ƙorafi idan an yanke mata waya, ba don ta yi kwanaki ita kaɗai ba. Doki ba shi da batir. Duk abin da za a ɗaura masa dole ya rayu da cajinsa.

Bambanci na biyu shi ne motsi. Yawancin tirakoki masu batirin kansu na yin barci idan abin da suke jiki ya tsaya, su farka idan ya motsa. Da wannan barcin ne ake samun makonnin da ake rubutawa a kwali. Mota idan an ajiye ta, ta ajiyu. Doki kuwa ko a turke yake yana kaɗa kai, yana korar ƙuda, yana buga ƙafa, yana sunkuyawa ga abinci. Na'urar da ke jikin ragamarsa ba za ta samu barcin kirki ba. Wadda aka yi wa alƙawarin wata guda na iya ƙarewa tun ba a je ko'ina ba.

Sannan tiraka na buƙatar layin waya mai rai da data. Idan data ta ƙare ko an rufe layin, batir na cike amma babu labari.

Akwai kuma ƙananan na'urori irin AirTag da wasu ke ɗauka GPS ne. Ba GPS ba ne. Batirinsu kan yi kusan shekara guda saboda ba sa sauraron taurari, suna dogara ne da wayoyin mutanen da ke wucewa kusa su kai rahoto. A cikin gari mai cunkoso za su iya yin amfani. A bayan gari, inda babu irin waɗannan wayoyi a kusa, shiru za a ji.

Wurin ɗaurawa ma abin lura ne. A ƙarƙashin sirdi na'ura ba ta ganin sama, tana shan zafi da gumi, tana kuma iya ji wa doki ciwo a gadon baya. A jikin sirdi kuwa, ɓarawon da ya sauke sirdi ya rabu da ita. Ragama ko abin wuya sun fi, in dai an ɗaure yadda ba za ta goge fata ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk wannan lissafi na komawa ne ga tambaya ɗaya: ina za a samu caji? A Kano wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, tayar da janareta ya ƙara tsada. Shagunan masu caji da sola su ne suka zama madogara ga mutane da yawa, kuma ranakun Sallah su ma cike suke.

Don haka mahayi na buƙatar lissafi tun kafin ranar. Ba daga lokacin da aka hau doki ake fara ƙirga ba, daga lokacin da aka zare waya daga caji ne, har zuwa lokacin da za a sake samun wuta. Hawan awa huɗu na iya zama yinin awa goma sha biyu ga batir. A kan wannan sai a ƙara rara, domin tafiya da doki ba ta cika ƙarewa a lokacin da aka tsara ba.

Hanyar da ta fi inganci ta sanin gaskiyar na'ura ita ce gwaji. A cika ta, a fita kilisa ta awa ɗaya da irin saitin da za a yi amfani da shi, a duba nawa ya sauka. Idan kashi 15 ya tafi a awa ɗaya, to ba za ta kai awa bakwai ba, ko me aka rubuta a kwali.

Fawa banki na taimakawa, amma shi ma da nasa lissafin. Wanda aka rubuta wa 10,000 mAh ba ya ba da duka, domin wani kaso na salwanta wajen sauya ƙarfin wuta. Abin da ke isa waya kan kai kusan kashi biyu cikin uku. Ga wayoyin Tecno da Infinix da itel masu batirin 5,000, wannan cikawa ɗaya ce da ɗan ragowa. Wanda aka rubuta wa adadi mai ban mamaki amma ba shi da nauyi a hannu, abin zargi ne. Mai saye a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut ya nemi a gwada a gabansa, ya kuma sayi igiyar caji mai kyau, don girgizar doki na saurin kashe mai araha.

Kada a yi caji waya na da zafi. A bari ta huce a inuwa lokacin da aka tsaya shayar da doki. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi ba na hawa ba ne, yana iya kamawa da wuta, kuma wuta a jikin mahayi mai riguna da yawa a kan dabba mai tsorata ba ƙaramin haɗari ba ne.

Sauran dabarun ba sa cin kuɗi. A sauko da taswirar Kano da kewaye a cikin waya tun a gida, yadda za ta buɗe babu data. Idan auna nisa kawai ake so, a sa waya a saitin jirgin sama, domin a yawancin wayoyin yanzu GPS na ci gaba da aiki a haka. Maimakon nuna wuri kai-tsaye na awa takwas, a riƙa tura wuri sau ɗaya a kowane zango. A rage hasken fuska, a bar ta a kashe. Sannan a riƙe ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ke kwanaki da caji ɗaya, don kira kawai. Tana da wani amfanin ma, domin a garin da ake kuka da ƙwacen waya, fito da babbar waya cikin cunkoso gayyatar matsala ce.

Abin da na'ura ba ta faɗa

A gasar dogon zango, ba wanda ya riga isowa kaɗai ake dubawa ba. Ana raba tafiyar kashi-kashi, kuma a ƙarshen kowane kashi likitocin dabbobi na duba doki. Dole bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti ko ƙasa da haka cikin 'yan mintocin da aka ƙayyade. Ana duba tafiyarsa ko yana ɗingishi, ana duba ko ruwan jikinsa ya ƙare. Dokin da ya faɗi wannan gwaji an cire shi, ko da shi ne a gaba.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi dacewa da Kano, kuma ba ya buƙatar caji. Lafiyayyen doki da ke hutawa zuciyarsa na bugawa tsakanin 28 zuwa 44 a minti. Ana jin bugun da yatsu a jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi. A ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Idan an tsaya an huta amma bugun ya ƙi sauka, doki ya gaji fiye da yadda yake nunawa. Idan aka ja fatar wuyansa aka saki ta yi jinkirin komawa, yana buƙatar ruwa. A aiki mai tsanani cikin zafi, doki na iya zubar da gumin da ya kai lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya.

Dokin hawa kuma na ɗauke da abin da dokin gasa ba ya ɗauka: sirdi mai nauyi, jalala, kayan ado, wani ma har da lifidi, ga tsayuwa mai tsawo a rana da kwalta mai zafi. Waya za ta iya cewa an yi kilomita takwas kacal, alhali dokin ya yi awa shida da kaya a bayansa. Amfanin GPS a nan shi ne ya taimaka wa mai doki ya san nisan da dabbarsa ta saba yi, ya riƙa ƙara mata a hankali kafin lokacin hawa. Hukuncin ko za a ci gaba ko a sauka kuwa, daga jikin doki ake karanta shi.

Kano ta san doguwar tafiya tun kafin a ƙera batir. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro na da madugu mai shugabantar ayari, da jagaba mai shiga gaba ya san hanya da mashaya da zango. Mai dawowa gida kuma idan ya hango Dala da Goron Dutse ya san ya iso. Abin da suka riƙe shi ne kowa ya san inda za a haɗu tun kafin a tashi.

Wannan ƙa'ida ba ta tsufa ba. Kafin a fita, mahayi da yaransa su yanke wurin haɗuwa idan an rabu, ko Ƙofar Nasarawa ce, ko Ƙofar Na'isa, ko ƙofar gida, su kuma sa lokaci. A rubuta lambar mutum biyu a takarda a sa a aljihu. A faɗa wa mutanen gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Idan batir ya kai, an ci riba. Idan ya mutu a hanya, akwai wanda ya san inda zai fara nema.